Jar Falmaran da Ƙaton Ƙaho

"Barci kake yi."

"Ba barci nake ba."

"Roman, minshari fa kake. Matar da ke gabanmu sai juyowa take."

"Tunani nake. Ni haka nake tunanina."

Nayeli ta harare ni cikin duhun siliman, ta mai da idonta kan allo. Ni ma na mayar da nawa. Mutumin da na bari yana kallon taga kafin idona ya rufe, yana nan yana kallon tagar. Ruwan saman ne kawai ya ƙaru. Fim ɗin baƙi da fari ne, da wani yare da ban san na wace ƙasa ba ne. Tun da aka fara babu wanda ya yi dariya, babu wanda ya yi gudu. Ko kare ɗaya babu.

Abin haushin, ni na zaɓo shi.

Bari in koma baya kaɗan.

Tun da na gama sakandare nake aiki a shagon taya a kudancin Milwaukee. Baƙaƙen kaya nake sawa don baƙin mai ba ya nunawa a jikinsu. Ba na yawan magana don a gidanmu ba a samun fili. Ranar da Nayeli Ochoa ta kawo motarta taya ta yi faci, sai ta haɗa biyun ta ɗauka zurfin tunani ne.

Na tayar da motar zan shigar da ita, sai waƙa ta taso. Wata mace ce da jita, murya kamar yanzu aka yi mata rasuwa.

Ta ce, "Ka san ta?"

Na ce, "Mhm."

Ban san ta ba. Makogwaro nake gyarawa. Amma ta yi min wani murmushi da ya sa na kasa janye mhm ɗin.

Ita ta kawo tsarin Lahadi. Kowane sati, kowa ya kawo waƙa ɗaya da fim ɗaya, ya kuma faɗi dalilin da ya sa yake son su. Ta ce ta nan ake sanin mutum, ba ta bakinsa ba.

Ita da gaske take yi. Ta sa min waƙar da ta dinga ji lokacin da yayanta ya yi faɗa da babansu ya koma Texas. Ta nuna min fim ɗin da ya sa ta shiga karatun jinya. Tana bayani idonta na kawo ruwa, tana dariya tana sharewa da bayan hannu.

Ni kuwa wajen Desmond nake sarowa.

Desmond abokin aikina ne. Ya taɓa karatun fim a jami'a, ya bari, amma bakin bai bari ba. Duk Asabar sai in same shi a ƙarƙashin mota.

"Ba ni fim ɗin masu hankali."

"Mai kuka ko mai shiru?"

"Wanne ya fi tsada a ido?"

"Mai shiru. In ta tambaye ka dalili, ka ce shirun shi ne maganar."

"Me hakan ke nufi?"

"Oho. Ka dai kalli nesa in za ka faɗa."

Haka muka yi ta yi har sanyi ya fara ja baya.

Da muka fito daga siliman ranar, Nayeli ba ta nufi mota ba. Ta tsaya a bakin titi, hannu cikin aljihun rigar sanyi.

"To, dalili."

Na kalli nesa. "Shirun shi ne maganar."

"Haka ka ce a na satin da ya wuce."

"Shi ma shiru ne ai."

Ba ta yi dariya ba.

"Roman, ni ina buɗe maka cikina. Kai kuma kamar daga bayan kwalin fim kake karanto min. Ban san abin da ke sa ka dariya ba. Ban san 'yan gidanku ba. Ko ranar Juma'a ban san inda kake ɓacewa ba."

"Na gaya miki. Ƙirgen taya."

"Duk Juma'a? Haihuwa suke yi?"

Na yi shiru. Wannan karon na gaskiya.

Ta sassauta murya. "Ina son ka, ka sani. Amma ban san wa nake so ba. Lahadi mai zuwa ka kawo min waƙa ɗaya taka ta gaske, da dalilinta. In ba haka ba... mu haƙura kawai."

Na ce, "Mhm."

Ta ce, "Wannan mhm ɗin ma na gaji da shi."

Gaskiyar ga ta. Duk Juma'a ina sa jar falmaran mai maɓallan zinariya, in rataya tuba, wani ƙaton ƙahon tagulla da ke naɗe mutum kamar mesa, bakinsa ya buɗe a saman kai. In tsaya a bayan Babana in busa wa tsofaffi polka, kiɗan mutanenmu 'yan asalin Poland, suna rawa. Aikina a kiɗan sauti biyu ne. Bum. Bum. Shi ke nan. Kumatuna su kumbura, fuskata ta yi ja kamar falmaran ɗin.

Ka gaya min yadda za a nuna wa yarinya mai jin mace da jita wannan.

Na iske Busia, kakata, a kicin tana yanka kabeji. Baba na zaune a tebur yana goge sandunan gangarsa.

Busia ta ɗago. "Ga maraya ya dawo daga makabarta. Wa ya mutu yau?"

"Silima na je."

"To gara makabartar. Can aƙalla ana ba da abinci bayan an gama."

Baba ya ce, "Kawunka Norbert ba zai yi wasa ba Juma'ar nan. Kafaɗar ta ƙi."

Kawu Norbert shi ke riƙe mana akodiyon, wannan da ake ja ana matsewa a ƙirji. In babu shi babu polka. Raina ya yi fari.

"Ke nan an fasa?"

"A tsakiyar azumin coci? An riga an sayo kifi." Ya nuna ni da sanda. "Na samu wani a wajen aikinmu, Lalo. Ɗan Mexico ne. Ya kaɗa min a waya, wallahi kiɗansu da namu uwa ɗaya uba ɗaya. Hular ce kawai ta bambanta."

Na ja kujera na zauna. Na daɗe ina juya maganar a raina, sai ta fito a bushe.

"Baba, bayan Ista zan ajiye ƙahon."

Wuƙar Busia ta tsaya.

Baba bai ɗago ba. Ya ci gaba da goge sandar da ta riga ta yi ƙal.

"Saboda me?"

"Na girma."

"Uwarka har ta bar duniya ba ta girma ba ke nan."

Na kalli tebur.

Busia ta ce, "Mace ce. Na rantse mace ce. Tun lokacin kaka yake shafa turare in zai je gyaran taya." Ta leƙo fuskata, ta kira ni da sunan gida. "Romek, makauniya ce? Don wannan fuskar taka, kamar an hana ka gado..."

"Busia."

"Kawo ta mu gani. Ba ma cizo. Haƙoran ma na roba ne."

Baba ya miƙe ya sa sandunan a jaka. A bakin ƙofa ya ce, "Ƙahon naka ne. In ka ajiye, ka ajiye shi inda ba zan dinga gani ba."

Ban ci abinci sosai ba ranar.

Laraba na kira Nayeli don in ji ko tana nan a kan bakanta. Tana nan. Ta ce ita ma Juma'ar nan ba ta da lokaci, za ta kai babanta wata hidima. Na ji daɗi. Har na yi mata fatan alheri.

Juma'a tun rana ba ta faɗi ba ɗakin taron ƙasan coci ya cika. Duk azumi haka ne, ba a cin nama, sai kowa ya zo ya rama a kan kifi. Ƙamshin suya ya kama labule, ya kama gashi, ya kama falmaran ɗina. Dogayen tebura, wainar dankali, kabeji, burodi. Tsofaffin mata sun sha kwalliya kamar ranar aurensu.

Ina kan dandamali, ƙaho a wuya, ina gwada numfashi. Sai Baba ya ɗaga hannu.

"Lalo, nan."

Wani gajeren mutum mai gashin baki ya keto cikin tebura, farar hula mai faɗi a kansa, akodiyon a ƙirji. A bayansa wata yarinya na jan akwatin abin.

Na san rigar sanyin. Ni na taya Nayeli zaɓenta.

Ban san sunan babanta ba. Ita kullum "Babana" take cewa. Ni kuma ban taɓa tambaya ba, ina can ina kallon nesa.

Mutum zai iya ɓuya da sarewa. Zai iya ɓuya da jita in ya durƙusa. Da tuba babu inda za ka. Na juya na fuskanci bango.

Baba ya ce, "Me kake yi?"

"Sautin ya fi fita ta nan."

"Juyo, kar ka sa in zo."

Na juyo rabi. Na sunkuyar da bakin ƙahon ya rufe min fuska. Ta ƙasansa ina hango takalmanta. Sun je layin kifi. Na ce a raina, in ta cika ciki wataƙila ta tafi.

Aka fara. Lalo, ko Don Lalo kamar yadda ake girmama babba a yarensu, bai taɓa wasa da mu ba, amma yana jin bum-bum ɗina ya hau kai kamar gidansu. Yatsunsa na gudu, yana ƙara wasu 'yan kwana-kwana da Kawu Norbert bai taɓa mafarkinsu ba. Fili ya cika. Busia ta cafke Fada, limamin cocin, tana juya shi kamar buhu.

Waƙar farko ta ƙare lafiya. Sai Baba ya jawo makirufo. Yana da wannan ɗabi'ar, sai ya gabatar da kowa, ko da mutanen nan sun san mu tun muna cikin zani.

"A kan akodiyon yau, baƙonmu, Lalo Ochoa."

Tafi.

"A kan ƙaho kuma, ɗana ɗaya tilo, Roman Kubiak. Yana da aikin yi, ba ya shan taba, ba shi da mata. Romek, ɗago su gan ka."

Ban ɗago ba. Ya miƙo sandar ganga ya ture bakin ƙahon sama.

Tana tsaye daidai gaban dandamalin. Faranti a hannu, kifi a kan cokali, cokalin a hanyar baki. A nan ya tsaya.

Baba ya ƙirga, aka shiga waƙa ta biyu. Na sa baki a ƙaho, iska ta ƙi fita.

Ban taɓa sanin amfanina ba sai ranar. Babu mai kallon mai tuba. Amma da bum-bum ɗin ya ɓace, sai ƙafafu suka rikice. Wani tsoho ya taka matarsa. Layin masu rawa ya cure waje ɗaya. Fada ya yi karo da teburin burodi. Don Lalo ya waigo yana ɗaga min gira.

Baba ya ce ta gefen baki, "Busa, ko in busa ka."

Na busa. Ido a rufe. Kumatu kamar an cusa min lemo biyu.

Da aka je hutu, na sauko. Ba ta matsa daga inda take ba.

Ta ce, "Ƙirgen taya."

"Nayeli..."

"Guda nawa ka samu yau?"

Kafin in nemo amsa Busia ta iso tana haki, tana fifita da takardar tsarin wasa. Ta kalle ni, ta kalli Nayeli, ta gane komai. Tsohuwar nan ba ta jin ƙararrawar ƙofa, amma irin wannan ba ya wuce ta.

"Ke ce mai turaren? Kai, ga ki da idonki garau kuma. 'Yar nan, me kika gani?"

Nayeli ta gaishe ta da ladabi. "Ni ma abin da nake tambaya ke nan, Kaka."

"Ke ce kike kai shi fina-finan makoki?"

"Shi yake kai ni."

Busia ta tuntsire da dariya har ta dafa ni. "Wannan? Fim ɗaya ya sani a duniya. Na wani kare da aka manta a gidan mai, ya bi titi yana neman gida. Duk Kirsimeti sai ya kalla, duk Kirsimeti sai ya jiƙa min matashin kujera."

"Busia, don Allah."

"In karen ya hango gidan, sai ya ce wai mura ce."

Nayeli ta ajiye farantin a hankali. Ta juya ta nufi matakala.

Na bi ta. Na manta da abin da ke wuyana. Bakin ƙahon ya daki saman ƙofa, ya yi wata ƙara da ta sa duk ɗakin ya waigo. Na ja baya, na karkace, na bi matakalar a gicciye kamar mai fitar da katifa.

Na same ta a waje, jikin motar babanta. Sauran ƙanƙara ta yi baƙi a gefen titi. Ni ga ni da falmaran, babu rigar sanyi.

Ta ce, "Kar ka matso da wannan abin, ina so in yi fushi sosai."

Na tsaya.

"Ka san me ya fi ba ni haushi? Ba ƙahon ba. Ka ɗauke ni wace iri? A gidanmu akodiyon yana da kujerarsa a teburin cin abinci. Da shi aka yaye ni."

"Na ɗauka... mace da jita..."

"Ina son mace da jita. Ina son wannan ma. Mutum ba ya son abu biyu?"

"Ban sani ba."

"Ka sa na zauna ina kallon wani bawan Allah yana kallon taga har ƙafata ta yi sanyi."

"Ba kya son shi?"

"Na tsane shi. Na daure ne don na ɗauka wani ciwo ne a ranka. Na koma gida ina tausayinka, Roman. Har addu'a na yi maka." Ta matse ido. "Wa ke ba ka su?"

"Desmond."

"Mai ɗan kunnen nan? Wanda ya sa min taya a juye?"

"Shi."

Ta rufe fuska da hannu biyu. Kafaɗunta na rawa. Ban gane ko dariya ce ko kuka ba. Da ta buɗe, duka biyun ne.

"Na ba ka labarin yayana. Ban taɓa ba kowa ba. Kai kuma ka ba ni Desmond."

Wannan ta shige ni. Na rasa inda zan sa idona, nesa ma ta ƙi kalluwa.

Na ce, "Ƙahon na Mamata ne."

Ta kalli ƙahon.

"Ita ke busa shi. 'Yar ƙarama ce, ba ta kai kafaɗata ba. In ta rataya shi sai ka ga ƙaho na tafiya da ƙafafu." Na juyo mata gefen da ya lotse. "Kin ga nan? Ina koyon keke a wannan filin na faɗi. Ta hango ta taga, ta yar da shi a ƙasa ta fito a guje. Baba ya so a gyara, ta hana."

Nayeli ta kai yatsa ta taɓa wajen.

"Da ta rasu ina aji uku a sakandare. Baba ya daina kiɗa. Ya daina magana. Gidan ya zama irin fim ɗin Desmond. Wata rana na ɗauko ƙahon a ƙasan bene na busa, don kawai in ji ƙara a gidan. Sautin ya fito kamar saniya. Baba ya sauko ya ce ba haka ake yi ba. Maganarsa ta farko ke nan a wannan watan."

Ban taɓa yin magana mai tsawon haka ba. Har na gaji.

Ta ce, "Shi ne kake jin kunyarsa."

"Falmaran ɗin ne."

"Falmaran ɗin kam abin kunya ne."

"Ita ta ɗinka wa duk makaɗan."

"Kai, Roman." Ta dafe goshi. "Ka bar ni in zagi wani abu mana."

Ta ƙofar ƙasa na ji Baba na buga ganga, alamar hutu ya ƙare.

Na ce, "Waƙar ƙarshe. Baba ya yi wa Mama ita, da ita muke rufewa kullum. Ita ce tawa. Ba sai Lahadi ba. Ki tsaya ki ji."

"Ban yi alkawari ba."

"Mhm."

"Na ce maka na gaji da..."

"To. Na ji. To."

Na koma a gicciye.

Muka ci gaba da wasa. Ina busawa ina leƙen matakala. Ba ta sauko ba. Waƙa ta wuce, wata ta wuce. Aka fara kwashe faranti. Don Lalo ya matso kusa da ni tsakanin waƙoƙi, bai kalle ni ba, yana gyara maɗaurin akodiyon.

"Kai ne mai shirun?"

"Ni ne, Don Lalo."

"Kullum sai ta dawo gida kamar an yi mata duka. Na ce wane irin saurayi ne wannan, ba ya kai ki rawa?" Ya ɗan kalli ƙahon. "Ashe kana da amfani."

Baba ya jawo makirufo. Muryarsa ta sauka, kamar kullum in an zo nan.

"Ta ƙarshe. Ta Halina."

Waƙar ba ta da sauri. Polka ce, amma mai tafiya a hankali, irin wadda tsofaffi ke rungume juna. Ni nake buɗe ta ni kaɗai. Bum. Bum. Sai ganga ta shigo. Don Lalo bai san ta ba, ya saurara kaɗan, kansa a karkace, sannan ya shigo a hankali kamar mai shiga ɗakin mara lafiya.

Na daina leƙen matakala. Na ce ko ta tafi, wannan dai zan busa ta daidai. Na busa wa ƙaramar matar da ta yar da ƙaho saboda ni. Na ga Baba ya waigo ya dube ni, ya mai da kai da sauri.

Da na buɗe ido, Busia na tsakiyar fili. Ta saki Fada. Wadda take juyawa yanzu tana sanye da rigar sanyin da na sani.

Nayeli ta kalle ni ta saman kan Busia. Ta kumbura kumatunta duka biyu.

Na kusa shaƙewa. Amma ban rasa bum ko ɗaya ba.

Ranar Lahadi falonmu ya cika. Busia ta ce ba za a kalli fim ɗin kare a ɓoye ba, sai da shaidu. Ta zauna a tsakiyar doguwar kujera, ni a dama, Nayeli a hagu, ta ce ita ce iyaka. Baba da Don Lalo na gefe suna gardamar wa ya ara wa wani kiɗan, mutanen Poland ko na Mexico. Babu wanda ya san amsar, babu wanda ya sauka.

Nayeli ta ce, "Dalili tukuna. Ka'ida ce."

Na kalli nesa, ta jefe ni da gugguru.

Na ce, "Karen ba ya magana. Tafiya kawai yake. Amma kowa ya san inda ya nufa."

Ta ce, "Desmond ne?"

"Ni ne."

"To ya yi."

Aka sa fim. Na yi niyyar daurewa. Na daure a gidan mai. Na daure a wajen kogi. Da karen ya hau tudu ya hango rufin gidan, yana ɗingishi, sai abin ya ƙwace.

Hannun Nayeli ya zagayo ta bayan Busia da hankici.

"Tunani kake?"

"Mura ce."

"Na sani, masoyi. Tana yawo."

Daga gefe na ji wani ya ja hanci da ƙarfi. Don Lalo ne, ya rufe fuska da hula. Ya ce hayaƙin kicin ne. Babu abin da ke kan wuta.

Da aka gama Baba ya miƙe yana tattara kofuna. Bai kalle ni ba.

"Ista ta kusa. In nemi mai ƙaho?"

"Kana da shi."

Ya gyaɗa kai, ya shige kicin. Ya daɗe a can yana wanke kofin da babu wanda ya sha komai a ciki.

Busia ta tafa hannu. "To, magana ta ƙare. Makaɗan biki kyauta, ga ganga ga akodiyon. Saura rana."

Nayeli ta ce, "Kaka, ko tambayata bai yi ba."

"In kika jira wannan ya yi magana, sai kin yi furfura. Ni na tambaya a madadinsa."

Nayeli ta leƙo ni. Na buɗe baki. Mhm ya taso, na haɗiye shi.

"Ina so," na ce. "In kina so."

"Zan duba. Amma akwai matsala. In kai ne ango, wa zai busa ƙahon?"

Babu wanda ya yi tunanin wannan.

Sai ta miƙe ta je kusurwa inda yake jingine. Ta cicciɓe shi da ƙyar, ta zura kai, ya sauka a kafaɗarta har ta yi tangaɗi. Ba ka ganin komai sai ƙaho da ƙafafu. Ta ja numfashi ta busa.

Saniya. Saniya mai ciwon ciki.

Don Lalo ya toshe kunne. Busia ta kama dariya, sai kuma ta kai gefen mayafi ido.

Baba ya fito daga kicin, hannunsa duk kumfa. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon ƙahon da ƙafafun. Ya daɗe.

Ya ce, "Ba haka ake yi ba, 'yata."

Ya goge hannu a wando.

"Romek, tashi ka nuna mata."